Darasi na 9: Abin da Ake Yi da Tsohon Zarton Injin Katako

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar katako ta Gombe ya san ƙarar injin tsaga katako, wadda ke sa ko gaisuwa sai an ɗaga murya. In ka leƙa bayan rumfar injin, can wajen da ake tara dusar katako, sau da yawa za ka ga wani dogon ƙarfe mai haƙora an naɗe shi kamar gammo, an jingina shi da bango, tsatsa tana cinsa. Wannan shi ne tsohon zarton injin. Mai shi ya gama da shi, jira yake 'yan gwangwan su zo su ɗora a sikeli, su biya shi kuɗin kilo daidai da ruɓaɓɓen kwano. A ganina asara ce, don ƙarfen nan ba sa'an kwano ba ne.

Bari mu fara da dalilin da ke sa a jefar da shi. Zarton nan a haɗe yake baki da baki kamar zobe, yana zagaya manyan ƙafafu biyu na injin. Kowane zagaye sai ya lanƙwashe ya miƙe, ya sake lanƙwashewa ya miƙe, sau dubbai a wuni. Da haka ƙarfen ke gajiya, ƙananan tsaga su fara fitowa a ramin da ke tsakanin haƙora. Kuma duk wasawar da aka yi masa faɗinsa na raguwa. Ga ƙusa da ke ɓuya cikin gungume, ga yashi a jikin ɓawo. Ranar da tsagar ta yi yawa, ko faɗin ya ragu har ba ya zama daidai a kan ƙafafun injin, to aikinsa na zarto ya ƙare. Amma jikinsa, nesa da haƙoran, lafiyarsa lau. Ƙarfe ne mai sinadarin kabon da yawa, irin wanda ke ɗaukar kaifi, wasu ma an gauraya su da ɗan nikel don kada su yi saurin karyewa.

In ka je saye, kada ka ji kunyar dubawa. Na ga wani tsohon maƙeri ya tsuguna gaban irin wannan gammo, ya goge bakin haƙoran da tsumma mai kananzir, yana bi ɗaya bayan ɗaya da farce.

Mai injin ya ce, "Baba, ai duk ƙarfe ɗaya ne, ɗauki kawai."

Ya ce, "A'a Alhaji, bari in ga inda ya tsage. Ba zan sayi wahala da kuɗina ba."

Duk inda farcensa ya maƙale sai ya shata da alli. Haka ya shata wurin da aka yi walda aka haɗa bakin zarton. Waɗannan wurare ba a fitar da wuƙa daga cikinsu, don tsagar da ido bai gani sosai yau, gobe ita za ta raba wuƙar biyu a hannun mai aiki.

Kafin a taɓa komai, a kula da kwance shi. Naɗaɗɗen zarto tarko ne. Shekarun baya wani yaron shagonmu ya tsinke wayar da aka ɗaure shi da ita yana tsugune a kansa, zarton ya buɗe da ƙarfi ya zabge shi a ƙwauri, sai da aka yi masa ɗinki. Tun daga ranar, a fili nake kwance shi. A kori yara, a sa safar hannu ta fata da takalmi rufaffe, a kwantar da shi ƙasa, a danne da katako mai nauyi, sannan a saki ɗaurin a hankali. Wanda kuwa ya yanke, ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ya tafi asibiti ya tambayi allurar tetanus, cutar nan da ke sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi. Kada a cusa dusar katako ko ƙasa a ciwo.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure. Ƙarfen zarto ya zo da taurinsa daga masana'anta, kuma zafi ne ke kashe wannan taurin. In kana yankawa da giranda, wato injin yanka da goge ƙarfe, ka sa gilashin kare ido, ka ajiye bokitin ruwa kusa. Ka ɗan yanka, ka tsoma, ka sake yankawa. Idonka a kan launin ƙarfen. Muddin yana fari, kana kan hanya. In bakin ya koma shuɗi, zafi ya kai wajen digiri 300 ke nan, wurin ya yi laushi, ba zai riƙe kaifi ba ko ka wuni kana wasawa. Masu gaggawa su ne ke ƙona baki, sannan su ce ƙarfen ba shi da kyau. Ka shata siffar wuƙar a takardar kwali, ka ɗora a kan ƙarfen ka zana, ka bar tazara daga layin haƙora. Da siffar ta fito, ka ajiye giranda, ka gama kaifin da magagari da dutsen wasa wuƙa. Ya fi cin lokaci, amma ba ya ƙonawa.

Wuƙar da aka fitar ta wannan hanya, ba tare da an sa ta a wuta ba, ta ishi aikin gida: yanka alayyahu, kuɓewa, albasa, feraye doya. Siririya ce, tana ɗan lanƙwasa ba ta karye ba. Gaskiya tana saurin dakushewa fiye da ta mahauta, amma shafa biyu uku a dutse ta dawo. Dukawa ma suna son gajeriyarta wajen yanka fata. Daga zarto mai faɗi kuma ana fitar da lauje, kuma lokacin yankan shinkafa a Dadin Kowa ba a rasa mai nema.

Abu mafi sauƙi shi ne makankarin kafinta. Ka yanko yanki kamar tafin hannu mai kusurwa huɗu, ka goge gefensa da magagari ya miƙe sak, sannan ka murza gefen da wani ƙarfe mai santsi wanda ya fi shi tauri, har ya ɗan tayar da leɓe. Wannan leɓen ke kankare katako ya fito sumul, ya rage wa kafinta sayen sanfefa. Guntayen da suka rage a yi abin kankare tsohon fenti da su. Akwai masu kafa ɓangaren haƙoran a kan katanga don ɓarayi. Ni dai ba na ba da wannan shawara, don wanda ya fi hawa katanga a unguwa yaro ne mai bin ƙwallo ko mangwaro.

Mai son wuƙar fiɗa, wadda za ta yi aikin Babbar Sallah ba a tsaya wasawa kowane lokaci ba, sai ya ƙara mata tauri a maƙera. Amma ya fara gwada guntu, don ba kowane zarto ne ke karɓa ba. Wasu ƙananan, haƙoransu kaɗai ne ƙarfe mai kyau. A gasa guntun ya yi ja, a tsoma a mai, in ya huce a buga da guduma. In ya karye ƙas, ƙarfen na kirki ne. In lanƙwashewa ya yi, a bar shi a makankari.

In ya ci gwaji, a huda ramukan mariƙi tun kafin a taurara shi, don bayan nan ba ya hudawa. A hura gawayin ƙirya, a sa wuƙar har ta yi ja bai ɗaya. Ga dabara: a kara mata maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne. Ƙarfe na daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770. Da ya daina kamawa, a ƙara mata wuta kaɗan, a zaro a tsoma tsaye cikin mai mai ɗumi, kamar man gyaɗan da aka gama suya da shi. Ban da ruwa, don siririn ƙarfe a ruwa tsagewa yake ko ya karkace. A yi wannan a waje, da murfi a kusa, in man ya kama wuta a rufe, kada a watsa ruwa.

A wannan hali wuƙar ta yi tauri kamar kwalba, in ta faɗi za ta iya fashewa. Sai a goge ta ta yi fari, a riƙa gasa bayanta a hankali nesa da garwashi, ana kallon baki. Da ya yi launin busasshen kara, wato wajen digiri 230, a janye a tsoma. Mariƙi kuwa, guntayen maɗaci suna nan zube a kasuwar katako. A tsaga biyu, a haɗa da ƙusa uku, a dandaƙe kawunansu. Irin wannan ƙarfe yana tsatsa, don haka a shaida wa uwargida ta riƙa goge wuƙar ta bushe, ta shafa ɗan mai. In tumatir ko lemon tsami ya sa ta yi duhu, ba komai ba ne. Kuma a san wa ake ƙera wa: mahauci da manomi da mai girki, ba 'yan kalare ba, wato 'yan daban Gombe.

Aikin gida: a ce ka sami zarto mai tsawon mita 7, wato santimita 700. Ka cire santimita 100 na wuraren tsaga da walda. Kowace wuƙa da mariƙinta tana cin santimita 25, kuma faɗin zarton yana fitar da biyu jere da juna. Rubuta a littafinka wuƙa nawa za ka samu. Sannan ka tambayi ɗan gwangwan kuɗin kilo ɗaya na ƙarfe, ka tambayi mai sayar da wuƙaƙe kuɗin guda ɗaya, ka zo mana da duka biyun ranar darasi na gaba.