Yanda ake gyara niyya tun daga bakin ƙofa har cikin gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani abu da na daɗe ina yi wanda wallahi ya sauya min zaman gidana, kuma duk wanda na ba labari sai yace dan Allah rubuta mana shi dalla-dalla, toh yau dai gashi. Maganar niyya ce, da yanda mutum zai ɗauko imanin da ke zuciyarsa ya shigo da shi cikin hidimar yau da kullum, wajen aiki, zaman aure, tarbiyyar yara, har baccinsa ma.

Kusan dukkanmu tun muna yara muka haddace innamal a'amalu binniyyati, wato ayyuka da niyya suke tafiya kuma kowa abun da ya nufa shi zai samu. Sayyidina Umar ne ya ruwaito shi, da shi Imamu Bukhari ya buɗe littafinsa, Imamu Nawawi ma shi ya sa a farkon Arba'una. Amma mu sai muka killace hadisin a alwala da sallah da azumi, ana sallamewa sai mu naɗe niyyar tare da darduma mu ajiye, sauran yinin kuma mu yi ta zirga-zirga kamar inji, a fita a nemo a kawo a ci a kwanta, ba tare da mutum ya taɓa tambayar kansa wai ni dan wa nake wannan wahalar ba.

Toh wannan tambayar itace matakin farko. Kafin ka fara abu, ko wane iri ne, ka ɗan dakata kamar na numfashi biyu ka tambayi kanka, dan me zan yi, dan wa zan yi. Ba sai ka furta da baki ba, niyya a zuci take. Za ka fita aiki, ka ƙudurta cewa halal zan nemo in rufa ma iyalina asiri kar su roƙi kowa. Ke kuma 'yar uwa da kike tsaye kan wankin kayan yara ko kike raino cikin dare kowa na bacci, ki ƙudurta cewa amanar da Allah Ya ba ni nake kula da ita. Aikin bai sauya ba, gajiyar ma tana nan, amma yanzu an buɗe miki littafin lada a kai. Lokacin da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta rashin lafiya a Makka shekarar hajjin bankwana, Annabi (SAW) ya je duba shi, cikin abun da ya gaya masa harda cewa babu wani abu da zai ciyar yana neman yardar Allah face an ba shi lada a kai, har lomar da zai sa a bakin matarsa. Kuma a hadisin Abu Mas'ud an ce idan mutum ya ciyar da iyalinsa yana neman lada toh sadaka ce a gare shi. Ku lura da sharaɗin fa, yana neman lada. Mutum biyu za su biya kuɗin makarantar yaransu rana ɗaya, ɗaya yana tsaki yana cewa kun ishe ni, ɗayan ya sa a ransa sadaka ce yake yi, kuɗin duk sun fita amma ba ɗaya suka koma gida ba. Mu'azu ɗan Jabal ma cewa ya yi yana neman lada a baccinsa kamar yanda yake nema a tsayuwar darensa, saboda yana baccin ne dan ya samu ƙarfin tashi.

Inda ni na fi ganin amfanin abun nan shine bakin ƙofa. Da can idan na dawo daga aiki duk ɓacin ran da na kwaso a waje da shi nake shiga gida, wanda ya ɓata min rai yana can gidansa hankali kwance, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba su ke shan faɗan. Wata rana na shigo ƙaramar 'yata ta rugo da takarda a hannu, wani zane ta yi tun rana tana jira in dawo ta nuna min, ni kuma ko kallon takardar ban yi ba nace dallah matsa min. Ba ta yi kuka ba. Ninke takardar ta yi sau biyu ta tura ƙarƙashin kujera ta koma gefen mamanta ta zauna. Da dare bayan sun yi bacci na jawo takardar, ashe gidanmu ta zana da mu duka, ni ta yi ni dogo fiye da kowa hannuna riƙe da nata. Maman yara tace min a hankali, Baban yara, tun la'asar fa take tambayata yaushe za ka dawo. Ranar ban iya runtsawa da wuri ba.

Tun daga nan na ɗora ma kaina doka. Kafin in taɓa ƙofa sai na tsaya kamar minti ɗaya, in sa waya a aljihu, in ce a raina zan shiga wajen mutanen da Allah zai tambaye ni a kansu, abun da ya faru a waje a waje zai kwana, sannan in yi bismillah in yi sallama da murya mai daɗi. Labarin zuciya ai a tambayi fuska, yara kafin ka buɗe baki sun gama karanta fuskarka. Haka ma wajen fita da safe, addu'ar nan gajera ta bismillahi tawakkaltu alallah, la haula wa la ƙuwwata illa billah, ka faɗe ta kana sane da abun da kake faɗa, kar ta zama kawai baki na motsi hannu na neman makulli.

Abu na gaba, niyyar da ba a ɗaure ta da lokaci da waje ba saurin tsinkewa take. Wanda yace daga yau zan zama mai haƙuri, zuwa azahar ya manta. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Jamus, Peter Gollwitzer, ya yi rubutu a 1999 kan wannan, ya nuna cewa wanda ya tsara niyyarsa da sigar idan kaza ya faru zan yi kaza ya fi cika ta akan wanda ya bar ta a dunƙule. Kaga sai ka mai da taka haka: idan yaro ya fasa abu, zan fara tambayarsa ko ya ji ciwo kafin in ce komai. Idan muryata ta fara hawa, zan yi a'uziyya in zauna in a tsaye nake, wanda dama haka Annabi (SAW) ya koyar ga mai fushi. Idan na idar da sallar isha'i, zan kira mahaifiyata. Ɗaya ko biyu kawai za ka ɗauka, kar ka kinkimo goma a rana ɗaya, in sun zauna sai ka ƙara.

Yanzu maganar baki, kuma nan ina roƙon iyaye mata da maza mu ji tsoron Allah. Ba zai yiwu kana cewa niyyarka akan ɗanka alheri ce ba alhali kullum abun da yake ji daga bakinka shine ba za ka taɓa yin albarka ba, daƙiƙi, ɗan banza, Allah Ya tsine. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Jabir inda Annabi (SAW) ya hana mu yi ma kanmu mugun baki, ko 'ya'yanmu, ko dukiyarmu, kar a dace da sa'ar da ake amsa addu'a sai a amsa. Magana zarar bunu ce. Ko a ajiye batun sa'ar amsawa, yaron da aka shekara goma ana kiransa daƙiƙi yarda yake yi, sai ya daina ƙoƙari. Dabarar da na gani tana aiki itace ka tanadi kalmar da za ta fito lokacin fushi tun kafin fushin ya zo, saboda in rai ya ɓaci abun da harshe ya saba shi yake fitowa. Allah Ya shirye ka, Allah Ya yi maka albarka, ka yi ta maimaitawa har bakinka ya saba, ranar da ya ƙure ka sai kaji ita ta fito ko da da tsawa ne. Kuma Annabi (SAW) yana son kyakkyawan fata, wato kalma mai daɗi, ya kuma hana camfi, dan haka a daina cewa yau tun safe na san ranar nan ba sa'a.

Tsakanin miji da mata kuwa niyyar da ta fi wuya itace wadda kake zato a zuciyar ɗayan. Ka kira ba ta ɗauka ba, kafin minti biyar ka gama yanke hukunci raini ne. Ya shigo shiru bai yi hira ba, kin riga kin ƙulla cewa ya daina sonki. Suratul Hujurat aya ta 12 cewa ta yi mu nisanci da yawa daga zato domin wani zaton zunubi ne. Abun yi mai sauƙi ne, kafin ka ɗauki mummunar fassara ka nemo wata mai kyau guda ɗaya wadda ita ma za ta iya zama gaskiya, sannan ka tambaya da baki, lafiya dai na kira ban same ki ba? Sau da yawa za ka ji waya na caji ko yaro ne ya hana ta sakat. In kuma saɓani ya riga ya faru, dama zo mu zauna zo mu saɓa ne, toh kafin a zauna maganar kowa ya duba ransa, gyara nake so ko so nake in yi nasara. A Suratun Nisa'i aya ta 35, inda ake maganar sulhun ma'aurata, Allah Ya ce idan su biyun suna nufin gyara zai daidaita tsakani. Da nufin aka rataya dacewar.

Sai dai a fahimce ni, kyakkyawan zato ba yana nufin wadda ake duka ko ake tauye ma haƙƙi ta yi shiru tace niyyarsa mai kyau ce ba, wannan magana ce ta kai ƙara wajen manya da hukuma. Haka kuma kalmar nan ta ai ni ba da mugun nufi na faɗa ba, ba ta goge zafin da ka sa ma wani. In ka taka mutum ko ba da gangan ba ɗaga ƙafa ake yi a ba shi haƙuri.

Akwai kuma wata koyarwa da ta cika intanet yanzu, wai ka rufe ido ka hango mota ko gida a zuciyarka, ka yi ta maimaita cewa naka ne, duniya za ta jawo maka shi. Ni gaskiya abun nan yana damuna dan naga masu hankali suna ruɗuwa da shi. Mu wanda muke roƙo Allah ne, tunaninmu ba ya halittar komai. Eh, a hadisi ƙudusi Allah Ya ce Yana nan inda bawanSa yake zatonSa, dan haka ka roƙa kana sakankance za a amsa, amma da aiki ake haɗawa. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali ko ya sake ta ya yi tawakkali, ce masa aka yi ɗaure ta ka yi tawakkali. Tsuntsayen da aka buga misali da su a tawakkali ma sammako suke yi da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe, ba a sheƙa suke yini ba. Nana Maryam tana cikin naƙuda aka ce ta girgiza kututturen dabino. Saboda haka yaro ba lafiya, a yi masa addu'a a tofa masa Fatiha da Falaƙi da Nasi, a kuma kai shi asibiti a ba shi magani kan lokaci. Jarabawa ta matso, a yi addu'a a kuma kashe talabijin a buɗe littafi. Babbar shawara kamar aure ko sauya aiki, a yi istihara a kuma yi bincike a nemi shawarar masu sani.

Wani lokacin za ka gyara niyya ka yi iya yinka abun kuma ya ƙi. Nan ne da yawa suke karyewa su fara da na sani. An koya mana mu ce ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'ala, mu bar da na yi kaza da kaza ya faru, domin wannan ƙofar shaiɗan take buɗewa. Kuma niyyar ba ta faɗi ƙasa banza ba, hadisin Ibn Abbas ya nuna wanda ya yi nufin alheri bai samu yi ba an rubuta masa lada ɗaya cikakke, in ya aikata kuma a ninka masa goma har zuwa 700 har fiye. A yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) ya gaya ma sahabbai akwai wasu a Madina da suke tare da su a duk kwarin da suka keta, uzuri ne ya tsare su. Uban da yake son yi ma iyalinsa abu hali bai ba shi ba ya riƙe wannan da kyau.

A kula da riya kuma, dan niyya juyawa take. An ruwaito Sufyanus Sauri yana cewa bai taɓa fama da abu mai wuya kamar niyyarsa ba saboda jujjuya masa take. Ka yi ma mahaifiyarka hidima dan Allah, sai hannu ya tafi waya a ɗauki hoto a ɗora. In kaji haka kar ka fasa alherin, gyara niyyar za ka yi a tsakiyar aikin ka ci gaba, kuma ka samu wani alheri guda da kake yi ma iyalinka ko danginka wanda daga kai sai Allah kuka sani.

Da dare in an kwanta, minti biyu sun isa. Ka tuna niyyar da ka fita da ita da safe, ina ta tsaya, ina ta zame, wa ka ɓata ma rai a gidan. In akwai, ka nemi afuwa tun kafin bacci ko da yaro ne, ka durƙusa daidai tsayinsa kace yi haƙuri ɗazu na yi maka tsawa. Daga nan sai tasbihin da Annabi (SAW) ya koya ma Nana Fatima da Sayyidina Ali lokacin da ta je neman mai taya ta aiki saboda hannunta ya yi kanta da niƙa, subhanallah 33, alhamdu lillah 33, Allahu akbar 34 idan za su kwanta. Mu a gidanmu tare muke yi da yaran, kowa na ƙirgawa da yatsunsa, ƙaramar yawanci ba ta kai ƙarshen alhamdu lillah ba bacci ya ɗauke ta.