Darasi na Bakwai: Dashen Tsiron Daji Don Namun Daji Su Sami Mafaka

Zomo da fakara da zabon daji ba sa zama a fili fetal. In babu duhuwar da za su faɗa lokacin da shaho ya kawo sura, sai su bar wurin. Wanda yake son ganin su a gefen gonarsa, da itace zai fara.

A Amurka akwai itacen da ake kira jan sida, wanda ake dasawa don namun daji su sami mafaka. Ganyensa sirara ne, ba ya kaɗewa ko a tsakiyar hunturu, rassansa kuma suna sauka har ƙasa. Barewa tana kwanciya a ƙarƙashinsa idan dusar ƙanƙara ta zuba. Tsuntsaye suna cin 'ya'yansa masu shuɗi-shuɗi, su kasayar da irin a gindin shinge, saboda haka yana fitowa da kansa a saura da makiyaya. A jihohin Oklahoma da Kansas da Nebraska har ya yi yawa, yana cinye filin kiwo. Shi ya sa mai neman tsiro ba ya shan wahala, sau da yawa mai fili murna yake yi a rage masa.

Masu dashen a can ƙaramin suke zaɓa, wanda bai wuce gwiwa ba. Suna tono shi a ƙarshen hunturu kafin ya fara toho, tare da curin ƙasar da ke riƙe da saiwarsa, su naɗe da jiƙaƙƙen buhu, su dasa shi a ranar. Suna sa shi rukuni-rukuni a inda rana take samunsa sosai, nesa da gonar tuffa, domin akwai cutar tsatsa da ke tashi daga sida ta kama tuffa. Abin da ya sa dashen yake kamawa shi ne saiwoyin sida sirara ne masu yawa, suna bazuwa kusa da saman ƙasa.

A nan sai mu yi hattara, don itatuwanmu ba haka suke ba. Gawo da aduwa da magarya uwar saiwa gare su, mai nitsewa can ƙasa neman laima. Tsiron da bai kai taƙi ɗaya a sama ba, saiwarsa ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. In ka datse ta da fartanya, da wuya ya rayu. Abin takaici ne a kashe tsiro a inda yake zaune lafiya, kuma a rasa shi a inda aka kai shi.

In dole sai ka ɗauko, nemi tsiron bana. Bari damina ta kankama, ƙasa ta jiƙa sosai. Ka fara haƙa ramin da za ka sa shi, sannan ka tafi da yamma. Da dagi za ka tona, ka zagaye shi, ka yi zurfi, ka ɗago shi da ƙasarsa. Kada iska ta bugi saiwar. Binne shi daidai inda ƙasa ta tsaya masa a da, ka danne da ƙafa, ka ba shi ruwa, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Nemi izinin mai gona tukuna, kada ka taɓa na gandun dajin gwamnati, kuma kada ka kwashe duka.

Amma kafin ka ɗauki dagi, duba gonarka. Kututturan sabara da kalgo da geza da muke sarewa lokacin sassabe suna da rai, saiwarsu ta riga ta kafu. A yankin Maraɗi, tun 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman wurin suka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi a kan kowane kututture, suna rage sauran. Ana kiran wannan sassaben zamani, kuma ya farfaɗo da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Wanda yake nema wa namun daji mafaka, ya bar wasu kututturan bakin iyaka su yi duhu, kada ya sassabe rassansu na ƙasa, don nan fakara take yin ƙwai.

Aikin wannan mako: zagaya iyakar gonarka, ka ƙirga kututturan da suke toho, ka rubuta sunan kowanne a littafinka, ka kawo aji.