Ga masu shiga gasar ƙaramar kyamarar fim

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda sharaɗin gasar shi ne kyamarar aljihu da fim ɗaya tal (wato naɗin fim ɗin da ake sa wa kyamara a ɗauki hoto a wanke), bari in faɗa muku abin da ya cuce ni a karon farko: filasha.

Haskenta bai wuce mita 3 zuwa 4 ba. Na tsaya daga nesa ina ɗaukar makaɗa a wajen biki da daddare, da aka wanko hotunan, ƙeyar mutumin da ke gabana ce kaɗai ta fito fari fat, sauran duk baƙi ƙirin. Ku matsa kusa, amma ku bar tazarar kamar mita ɗaya, in ba haka ba hoton zai yi dishi-dishi.

Fim kuwa, ku nemi mai ISO 400 (ISO shi ne ma'aunin saurin kama haske na fim), irin su Kodak UltraMax, ko Ilford HP5 in baƙi da fari kuke so. Hoto 24 ko 36 ne a naɗi ɗaya, kuma babu gogewa. Kada ku bar shi cikin mota a zafin Afrilu, firji ya fi masa. Don Allah kuma kada a buɗe murfin baya sai fim ya gama naɗewa.