Yadda Ake Gane Sabon Nau'in Ƙaguwar Gaɓar Teku

Je gaɓar lokacin da ruwan teku ya janye, ka riƙa ɗaga duwatsun murjani a hankali. Ƙananan ƙaguwa na laɓewa a ramuka, wata ko girman farcen babban yatsa ba ta kai ba. Duk dutsen da ka ɗaga, mayar da shi yadda ka same shi, gidan wasu halittu ne. Kafin ka kwashi ƙaguwa ko ɗaya, sai ka samu izinin hukuma.

Ɗauki hotonta tana da rai, domin launinta kan koɗe cikin sinadarin itanol. Rubuta wuri da rana. Sannan auna faɗi da tsawon ɓawon bayanta da milimita, ka ƙirga haƙoran gefensa, ka lura da siffar ƙafafun cizonta.

A nan ne aikin yake: juya ta. Cikin namiji siriri ne, na mace kuma mai faɗi. Ɗaga cikin namijin, za ka ga gaɓar haihuwarsa mai kama da allura. Duba ta a maikiroskof ka zana ta da kyau, don sau da yawa ita ce ke raba nau'i biyu da ido ba zai bambanta ba. Kada ka yi gaggawa a wannan mataki.

Ajiye jikin cikin itanol kashi 70, ƙafa ɗaya kuma a kashi 95 don gwajin ƙwayar halittar COI, wani sashen DNA da ake bambanta nau'o'in dabbobi da shi. Gwada da samfuran gidajen adana halittu. In ba ta dace da ko ɗaya ba, zaɓi samfurin asali, wato jiki ɗaya da zai wakilci nau'in, ka ba ta suna mai kalma biyu bisa dokokin ICZN na sanya wa dabbobi suna a duniya, tsarin da ya faro daga masanin halittu Linnaeus a 1758, sannan ka wallafa bayaninta a mujallar kimiyya.