Kurakuran da ake yi wajen sa na'urorin sola su fahimci juna

Masu haɗa sola a Zariya, daga Sabon Gari har Samaru, yanzu ba inbata da batir kaɗai suke sakawa ba. Ga mita, ga janareta, ga manhajar waya da mai gida yake so ta nuna masa komai wuri guda.

Babban kuskure shi ne a ɗauka da zarar an jona waya, aiki ya ƙare. Modbus, da ya fito tun 1979, da MQTT, ƙa'idojin sadarwa tsakanin na'urori, aikinsu kai saƙo ne kawai. Inbata za ta turo 2305, amma 2305 na me? A tsarin SunSpec, ƙa'idar bayanan na'urorin sola, lambar tana tafe da ma'aunin da zai mayar da ita volt 230.5. Gyaran shi ne ontoloji: rubutacciyar yarjejeniya da kwamfuta ke karantawa, mai fayyace wace na'ura ce, me take aunawa, da wane ma'auni.

Sai kuma ƙirƙiro sunaye daga kai. Wannan ya rubuta “wuta1”, wancan “lodi”, ran da aka sauya inbata sai a koma farko. Alhali ETSI, hukumar ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ta fitar da ontoloji na na'urori mai suna SAREF tun 2015, daga baya kuma reshenta na makamashi, SAREF4ENER. A ɗauki ɓangaren da ake buƙata, a ƙara abin da ya shafe mu, kamar sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta.

Wanda ya fi damuna shi ne alkiblar wuta. A wata inbata, -800 na nufin batir na caji, a wata kuwa yana zuba wuta. Idan ba a fayyace ba, manhaja na iya tayar da janareta da rana tsaka, fetur na ƙonewa a banza alhali batir na cika. Kuɗin mutane ne wannan. Gwajin ba wuya: da azahar a kashe firij da famfon ruwa don batir ya riƙa caji, a duba alamar da ke gaban lambar, a rubuta ta cikin bayanin na'urar.

Kada a cakuɗa kilowat da kilowat-awa. Kilowat ƙarfi ne, kilowat-awa abin da aka sha.

A duba agogo ma. Na'urar da ta zo da lokacin Sin tana gabanmu da awa 7. A adana komai da UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, a ƙara awa 1 wajen nunawa.