Yadda direban kanel zai hana a janye na'ura daga baƙuwar kwamfuta tana tsakiyar aiki

A wani ofis da ke kusa da babbar kasuwar Maradi akwai uwar kwamfuta guda, mai masauki, da ke ɗauke da baƙi uku a cikinta, wato kwamfutocin da manhaja ke kwaikwaya (virtual machines), kuma an miƙa wa ɗayarsu katin intanet kacokan ta hanyar vfio-pci, wani direba ne, wato manhajar da ke sarrafa na'ura a cikin kanel, zuciyar tsarin Linux. Ran nan mai kula da ita ya rubuta adireshin katin cikin fayil ɗin unbind, wanda ke raba na'ura da direbanta, domin ya mayar da shi ga mai masauki, sai umarnin ya tsaya cak, har ya zaci injin ya lalace, alhali direba ne yake yin abin da ya dace.

Wajibi ne mai rubuta direba ya fara sanin cewa a Linux, aikin remove na direban katin PCI irin wannan, wanda kanel ke kira idan za a cire na'ura, ba ya mayar da amsa, saboda haka direba ba shi da ikon ƙin cirewa. Abin da ya rage masa shi ne jinkirtawa. Haɗarin kuwa babba ne, domin katin yana rubutu kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan kuma aka saki bayanan da direba yake riƙe da su alhali baƙuwa tana amfani da su, kanel ɗin mai masauki na iya rushewa da dukan baƙinsa.

Sai ka ajiye ƙidayar masu riƙe da na'urar, ka ƙara ɗaya duk lokacin da aka buɗe ta, ka rage ɗaya idan an rufe, kuma da zarar an fara cirewa ka ƙi karɓar sabon mai buɗewa. A cikin remove ka jira ƙidayar ta koma sifiri, amma kada ka jira shiru. VFIO, tsarin da vfio-pci yake cikinsa, wanda ya shiga Linux 3.6 a 2012, yana aika roƙo ta eventfd, wata hanyar isar da sanarwa, zuwa ga QEMU, manhajar da ke tafiyar da baƙuwar, domin baƙuwa ta saki katin da kanta, yana maimaita roƙon kowane daƙiƙa 10, yana kuma rubuta gargaɗi da za a gani a dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel. A ganina wannan gargaɗin bai kamata a yi wasa da shi ba, domin shi ne yake hana mai kula ya kashe wuta cikin firgici.

Ka yi amfani da aikin kanel mai suna try_module_get domin kada umarnin rmmod ya sauke direban ana cikin aiki. Akwai kuma saitin suppress_bind_attrs da ke ɓoye fayilolin bind da unbind gaba ɗaya, sai dai ba ya hana cirewa ta fayil ɗin remove na ita na'urar kanta, balle wanda ya zare katin da hannunsa.