Kafin ka sauya kunnen jitarka, ajiye katin banki tukuna

Gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne sana'ata a nan Jidda. Jita kuwa ta daren Alhamis ce, idan mu biyar muka yi karo-karo muka kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, can bayan gari, mu raba dare muna buluz da rok har muryar mai yi mana waƙa ta dushe. Makon jiya wani ƙanenmu na unguwar Hindawiyya ya kawo mini jitarsa, ƙirar Stratocaster irin mai sauƙin kuɗi, ya ce, "Yaya, so nake ta riƙa kuka irin ta Stevie Ray Vaughan. Wane fikof zan saya?" Na ce masa ya mayar da wayarsa aljihu, ya jona jitar mu ji.

Fikof ɗin da nake nufi ba motar a-kori-kura ba ce. Shi ne ɗan dogon abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya, ni kunnen jita nake ce masa. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na motsi a kansa sai 'yar wuta ta taso a cikin wayar, amfilifaya ta ɗauka ta ƙara mata ƙarfi. Shi ke nan aikinsa. Kunne ne, abin da hannunka ya faɗa masa shi zai kai.

Tambayar da na fara yi wa yaron ita zan yi maka: me ke damunka a muryar jitar? Idan ka kasa faɗa a jimla ɗaya, lokacin saye bai yi ba. Tana da kaifi har tana sukar kunne? Ta yi kauri kamar ana magana cikin bargo? Ko ƙugin wuta ne ya ishe ka? Kowanne maganinsa daban, kuma wani maganin sukudireba ne kawai. Danna tsirkiya a kan ƙarfen ƙarshe na wuyan jitar, ka auna tazarar da ke tsakaninta da kan fikof. Fara daga wajen milimita 2 zuwa 2.5, ka riƙa juya sukurun gefe rabi-rabi kana saurare. Fikof ɗin yaron nan na kusa da wuya ya kusa taɓa tsirkiya, maganaɗisun yana janta, shi ya sa sautin ke mutuwa da wuri yana wani rawa kamar ba a saita ta ba. Da muka saukar da shi sai ya ɗago kai ya kalle ni. Rabin kukansa ya tafi ba tare da riyal ɗaya ya fita ba.

To, a ce ka yi wannan kuma har yanzu ranka bai kwanta ba. Iri uku ne a gabanka.

Akwai mai naɗi ɗaya, irin wanda kamfanin Fender ya sa wa Stratocaster tun fitowarta a 1954. Muryarsa garau take, tana da ƙwalli, kuma duk yadda ka taɓa tsirkiya sai ya tona maka asiri. Aibinsa ƙugi. Wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Sudan sau 50, kuma wannan juyin shi ne "zuuu" ɗin da kake ji idan ka ƙara wa amfilifaya wuta. A istirahar da muke kamawa akwai doguwar fitila da tsohon mukayyif na taga, idan na juya baya gare su ƙugin ya ragu, idan na fuskance su kamar an saki ƙudan zuma. In za ka sayi saitin fikof uku, tabbatar na tsakiyar an naɗe shi a juye, maganaɗisunsa ma a juye, don a matsayi na biyu da na huɗu na makunnin zaɓen fikof, ƙugin ya ɗauke.

Sai hambaka, mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin Gibson, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Naɗin biyu suna kashe wa juna ƙugi, murya kuma ta fito da kauri da tsoka, ta daɗe tana ja. Ita ce muryar da Eric Clapton ya fitar a 1966 lokacin yana tare da John Mayall, Les Paul a jone da amfilifayar Marshall. A tsakanin waɗannan iri biyu akwai P-90, wanda Gibson ya fitar tun 1946: naɗi ɗaya ne amma mai faɗi, muryarsa na da ɗan gautsi da faɗa. Ni a raina babu kamarsa a buluz-rok, sai dai ƙuginsa ba ya jin rarrashi.

Yanzu ga inda na ƙone hannu. Shekarun baya na ga wani hambaka a intanet, mai sayarwa ya cika shi da kirari, wai ƙarfinsa ya ninka na kowa. Na ɗauka ƙarfi shi ne daɗi. Na jira shi kusan wata guda, na liƙa shi da dalma cikin ɗoki, na kaɗa. Ƙara kam akwai ta, amma duk ta dunƙule wuri ɗaya kamar tuwon da ya kwana. Na taɓa a hankali, ihu. Na doka da ƙarfi, ihun nan dai. Na rage mamurɗin sauti, sai murya ta koma laka. Wani dattijo ɗan Sudan da ke kaɗa mana bes, wanda ya yi zamani a wuraren biki na Khartum, ya saurara ya ce, "Ɗana, wannan ai ba ta san lallashi ba." Gaskiya ya faɗa. Buluz-rok a tsakanin tsabta da datti yake zaune: ka sassauta hannu murya ta wanke, ka matsa ta yi gurnani. Fikof mai ƙarfin tsiya yana tura amfilifaya cikin datti tun kafin ka ce komai, ya ƙwace maka wannan tsakanin.

Don haka ka nemi mai matsakaicin ƙarfi. Masu sayarwa suna rubuta juriyar waya da lamba da harafin k. Mai naɗi ɗaya irin na da yana wajen 6k, hambaka irin na farkon nan yana wajen 7.5k zuwa 8.5k, su kuwa na 'yan rok mai nauyi suna kaiwa 16k. Amma kada ka riƙe lambar kamar aya. Wayar da ta fi siranta tana ba da lamba babba ko da zagayen bai ƙaru ba, zafi ma yana ɗaga ta. Na taɓa auna fikof ɗaya da mitar aikina bayan ya wuni a mota, na sake aunawa da ya huce a ɗaki, lambobin suka sha bamban. Maganaɗisu kuwa, nemi alniko, haɗin alminiyom da nikel da kobalt. Alniko 2 ya fi laushi da zaƙi, alniko 5 ya fi kaifi da tsayuwar ƙasa. Na yumɓu, wanda ake ce wa siramik, yawanci a masu ƙarfin nan ake samunsa, irin Super Distortion na kamfanin DiMarzio da ya fito a farkon shekarun 1970.

Idan sunaye kake so: a Stratocaster, Texas Special na Fender ya ɗan fi na da ƙarfi da tsoka, kuma shi ke cikin jitar da kamfanin ya fitar da sunan Vaughan, makaɗin buluz ɗin nan na Amurka da ƙanen nawa ke son kwaikwaya. Yana son a ɗan nisanta shi, wajen milimita 3 a ɓangaren tsirkiya masu kauri. A hambaka, '59 na kamfanin Seymour Duncan ba ya ba da kunya, Pearly Gates kuma an kwaikwayo shi ne daga Les Paul ta 1959 ta makaɗi Billy Gibbons, ya fi cizo a sama. Ba dole ka sauya duka ba. Wanda ka fi zama a kai shi za ka fara da shi.

Kafin ka biya, cire murfin roba ka leƙa ramin da aka fafe a jikin katakon, don ba kowace jita ce ke da wurin hambaka ba. Idan babu, akwai hambaka mai girman naɗi ɗaya, ya fi ka kai wa kafinta ya fafe maka jita. Auna kuma faɗin tsirkiya daga ta farko zuwa ta shida a kusa da jaki, wato inda tsirkiya ke zama a jikin jitar: na Fender sun fi na Gibson buɗewa, wajen milimita 53 da wajen 50, shi ya sa ake yin hambaka mai faɗi musamman. Duba bayan mamurɗin sauti: 250k ake sa wa mai naɗi ɗaya, 500k wa hambaka. Ka sa hambaka a kan 250k zai yi duhu, ka zagi fikof a banza. Tambayi kuma ko an tsoma shi a kaki, don wanda ba a tsoma ba yana iya yin fito idan wuta ta yi yawa.

Wajen liƙawa, ɗauki hoton tsofaffin wayoyi kafin ka narka komai, kuma kada ka yarda da kala. A wurin Seymour Duncan baƙar waya ce ke ɗaukar sauti, a wurin DiMarzio ja ce. Idan ka gama, ka haɗa fikof biyu ka ji murya ta sirance kamar mai mura, ɗaya ya juya wa ɗaya baya, sai ka musanya wayoyinsa biyu. Tsohon da ka cire ka naɗe shi a leda ka adana nesa da damshin tekun nan mai cin ƙarfe.

Shi ƙanen nawa mun tsaya a kan sauya na kusa da wuya kawai, alniko 5, wajen 6k. Sauran kuɗin na sa ya sayi sababbin tsirkiya, don nasa sun yi tsatsa har suna bar masa ja a yatsu. Ranar Alhamis zai zo da ita istiraha mu ji ta kusa da wancan mukayyif ɗin.